Yadda ake ziyartar gandun dajin Gashaka-Gumti har a hau Chappal Waddi

Babu gandun dajin da ya kai Gashaka-Gumti girma a Najeriya. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa, yana jingine da iyakar Kamaru. A 1991 aka haɗe Gashaka da Gumti suka zama gandu ɗaya na ƙasa. A cikinsa Chappal Waddi yake, dutse mai tsayin mita 2,419, wanda ya fi kowane tudu a ƙasar. Wuri ne da ƙafa ta fi mota aiki, shi ya sa shirinsa tun daga gida ake farawa.

Da farko ka zaɓi lokaci. Tsakanin Disamba da Maris ya fi. Daminar can doguwa ce, kuma idan koguna suka kawo ruwa hanya yankewa take yi, ko babur ba ya wucewa.

Na biyu, ka nufi Serti, inda hedikwatar gandun take. Daga Jalingo ana bi ta Bali. A ofishin za ka biya kuɗin shiga, a ba ka izini, a haɗa ka da ma'aikacin gandu da zai yi maka rakiya. Kada ka ga kamar ɓata lokaci ne. Su suka san mashigar ruwa, su suka san inda ɓauna ke kwana, kuma su za ka tambaya halin tsaro kafin ka ɗaga ƙafa.

Na uku, kaya: takalmi mai ƙarfi wanda ƙafarka ta saba da shi, gidan sauro, maganin zazzaɓi, tocila, tanti, da rigar sanyi mai kauri. A kwari akwai tsando, kuma baƙin tufafi da shuɗi na jawo shi, don haka ka sa mai haske mai dogon hannu. Ruwan rafi kuwa a tafasa kafin a sha.

Na huɗu, kada ka yi gaggawar hawa. Ka fara da ƙauyen Gashaka, ka ga kufan sansanin da Jamusawa suka gina lokacin da yankin ke hannunsu, ka je kogin Kam inda dorina ke taruwa a gurbi. Daga nan sai Kwano, cikin kurmi, inda masu bincike suka daɗe suna nazarin birai. Nan ne mazaunin biri mai ganga, wato babban birin nan da ake kira chimpanzee. Ka fita da asuba, ka rage magana, ka bi bayan ɗan rakiya. Sau da yawa kunne ke riga ido: za ka ji ihu daga nesa, sannan dukan saiwar manyan itatuwa, dum dum, yana ratsa daji. Ka ɗaga kai ka duba sama, za ka ga sheƙar da suke yi da rassa suna kwana, kowane dare sabuwa. Ko ba ka gan su ba, gogo da baƙin biri mai farin gashi da tsuntsaye iri-iri ba za su bar ka ka koma hannu rabbana ba. Idan Allah ya haɗa ka da birai masu ganga, ka tsaya nesa, kada ka ba su abinci. Murar mutum tana kama su, tana iya kashe su.

Sai hawan dutsen. Hanya mafi sauƙi ita ce ta tsaunin Mambila: daga Serti a hau zuwa Nguroje, a ɗauki babur zuwa Njawai, daga nan sai ƙafa. Tafiyar kwanaki ce, ka ɗauki 'yan dako daga mutanen wurin, ka biya su haƙƙinsu yadda ya kamata. Za ka ratsa tuddai masu ciyawa da rugagen Fulani. Ka yi sallama, ka gaida jauro, wato shugaban wurin, kafin ka kafa tanti kusa da su. Ranar hawa ƙololuwa ka tashi da wuri, domin hazo da gajimare kan rufe sama da rana ta yi. Dare a can sanyi ne mai shiga ƙashi.

Wutar da ka hura ka kashe ta da ruwa har toka ta huce, ciyawar rani ba ta da wuyar kamawa. Leda da gwangwani kuma ka zuba a jaka ka sauko da su Serti.