Kafin ku sa ChatGPT a aikin jami'a

Jama'a, a ɗakin jarrabawa babu muhawara: ko ba ka taɓa wayar ba, ganinta a aljihunka kaɗai kan zama laifin satar amsa. Rikicin yana wajen asaimen da furojet, domin kowane malami da tsarinsa. Ku duba kundin dokokin ɗalibai da takardar kwas. Idan ba a ambaci AI ba, wato manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT, ku tambayi malamin ta imel, ku adana amsarsa.

Inda aka fi kama ɗalibai shi ne madogara, wato littattafai da maƙalun da aka kafa hujja da su. ChatGPT yakan ƙirƙiro sunan marubuci da mujalla da shekara, duk su yi kama da gaske, alhali babu su. Kowace madogara ku neme ta a Google Scholar, ko ku liƙa lambar DOI ɗinta (lambar shaidar maƙala) a shafin doi.org. Idan ba ta buɗe ba, ku cire ta nan take. Malami ya ga guda ɗaya ta bogi, sauran aikin ma ya daina yarda da shi.

Turnitin, manhajar da jami'o'i ke binciken satar rubutu da ita, ta fara gano rubutun AI a Afrilun 2023, kuma tana kuskure. Wani binciken Jami'ar Stanford a shekarar ya nuna irin waɗannan manhajoji sun fi zargin waɗanda Turanci ba harshensu na gado ba ne, wato mu. Don haka ku riƙa rubutu a Google Docs, tarihin gyare-gyarenku shi ne shaidarku gaban kwamiti idan an zarge ku.

Idan an halatta amfani da AI, ku rubuta sunan manhajar da ranar da kuma abin da ta yi muku.