Sitiyarin tsohuwar akori-kura na wasa? Duba nan kafin ka je alaimen

Abin da ke ba ni takaici shi ne mutum ya ji sitiyari na lilo, mota na yawo a titi, sai kawai ya ruga wajen masu alaimen, wato masu saita tayoyi su miƙe daidai. To ai in ƙarafan gaba sun ci, duk saitin da aka yi maka ramin farko da ka faɗa zai warware shi.

Fara auna wasan tukuna. Ka tsayar da motar a wuri mai lebur, tayoyi a miƙe, in mai fawa sitiyari ce ka bar injin a kunne, sai ka tsaya ta waje ka zura hannu ta taga kana murɗa sitiyarin a hankali idonka na kan taya. Iya juyin da ya yi kafin tayar ta motsa shi ne wasan. A tsofaffin Hilux iyakar da Toyota ta yarda da ita milimita 30 ce, kusan faɗin yatsu biyu kenan.

In ya wuce haka, sa wani ya riƙa kaɗa sitiyarin hagu da dama, kai kuma ka leƙa ƙasa da tocila, ka ɗora hannu a kan kowane kan tayarod (sandar ƙarfen da ke kai juyin sitiyari zuwa taya) da aidila am (hannun ƙarfen da ke riƙe sandunan sitiyari ta ɗaya gefen), wanda ya ci za ka ji shi a tafin hannunka yana ƙwas-ƙwas tun kafin ka gani, sau da yawa ma robarsa ta yage giris ya bushe. Daga nan ka ɗaga gaban, amma don Allah kar ka shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, sa mata abin tokare mai ƙarfi. Kama taya ta gefe da gefe ka girgiza, in ta yi motsi yawanci tayarod ne. Kama ta sama da ƙasa, in ta yi motsi boris ne ko bol joyin (mahaɗin ƙarfe mai kan ƙwallo da ke riƙe taya), ka ce a taka birki, motsin ya ɓace to boris ne.

Akwatin sitiyari shi ne na ƙarshe, kuma nan mutane ke ɓarna. Akwai sukuru a samansa da noti mai kulle shi, sukurun ake ɗaurewa kaɗan-kaɗan, kwatan juyi sai a gwada, tayoyi a miƙe. In ka matse da yawa sitiyari zai yi tauri ya daina komowa da kansa bayan kwana, wannan ya fi wasan haɗari nesa ba kusa ba.

Tayoyin ma suna ba da labari. Shafa tafin hannunka a kan zanen, in ka ji kaifi ta ɓangare ɗaya kamar haƙorin zarto, bakin tayoyin ne ya buɗe ko ya tsuke da yawa. Gefe ɗaya kawai ya cinye, tayar ta kwanta ne, ka duba bushin da sifirin. Duka gefuna biyu kuwa ƙarancin iska ne kawai. In mota na ja gefe guda, daidaita iska sannan ka musanya tayoyin gaba, jan ya koma ɗaya gefen to laifin taya ne.

Sai an canja duk abin da ya ci sannan a kai ta alaimen, kuma ka tsaya ka ga sun kafe sitiyarin a tsakiya kafin su taɓa notin tayarod.