Yadda Ake Ɗora Linux Mint a Tsohuwar Kwamfuta

Tun daga ranar 14 ga Oktoba, 2025, da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, kwamfutocin gwanjo da dama da ɗalibai ke amfani da su a Samaru da Kongo da ke Zariya suka shiga tsaka mai wuya, domin Windows 11 na buƙatar TPM 2.0, wani ɗan ƙaramin sashen tsaro a cikin kwamfuta, wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Linux Mint, wata babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, kyauta ce, fuskarta ta yi kama da ta Windows, kuma RAM mai girman 4GB ya ishe ta aiki.

Kafin komai, a kwashe duk muhimman fayiloli a ajiye su a wani wuri dabam. Daga nan sai a sauke fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin da ke ɗauke da Mint gaba ɗaya, daga shafin linuxmint.com, kuma tun da ya kai kusan 3GB, gara a yi hakan da daddare lokacin da data ta fi araha. A sami filashi mai 8GB da babu komai a ciki, a rubuta fayil ɗin a kai da manhajar Rufus.

A kashe kwamfutar, a jona filashin, a kunna ana danna F9 idan HP ce, ko F12 idan Dell ce, sannan a zaɓi filashin. Mint za ta buɗe ba tare da ta taɓa Windows ba, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a gwada Wi-Fi da sauti da firinta, a kuma buɗe wani aikin Word da LibreOffice, manhajar rubutu da ke zuwa tare da Mint, domin a ga ko tsarin shafukan ya canza, musamman ga ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu. A ganina, wannan matakin ya fi sauran muhimmanci.

Idan komai ya yi daidai, a tabbatar batirin ya cika saboda ɗauke wuta, sai a danna Install Linux Mint. Wanda har yanzu yake buƙatar wata manhajar Windows ya zaɓi ɗora Mint kusa da Windows, kada ya taɓa Erase disk, domin wannan zaɓin yana goge komai. A zaɓi Lagos a matsayin yankin lokaci.

Bayan an gama, a sabunta tsarin ta Update Manager, a kunna Timeshift, manhajar da ke ajiye kwafin tsarin domin a maido da shi idan ya lalace, sannan a ƙara allon rubutu na Hausa (Nigeria) a saitin Keyboard domin samun ɓ, ɗ da ƙ.