Darasi na 9: Ciwon Kare Mai Tafiya Yana Dawowa

Wani maigadi a unguwar Rayfield da ke Jos yana da karya 'yar shekara 4. Ko kaza ce ta gifta ƙofar gidan, sai ta sanar da unguwa. Ana nan sai ta fara ƙin abinci. Ta yi amai da zawo kwana biyu, ta kwanta ƙarƙashin mota tana karkarwa, a rana ta uku ta tashi garau. Maigadin ya ce tsutsar ciki ce, ya ba ta magani. Bayan mako uku abin ya dawo. Daren sabuwar shekara, da yara suka cika gari da ƙarar nokawut, ta faɗi ta kasa tashi.

A asibitin dabbobi likita ya ja fatar wuyanta ya saki, fatar ta tsaya a tattare. Ya taɓa kunnuwanta, sanyi ƙalau. Sai ya sa hannu a ƙirjinta, bayan gwiwar ƙafar gaba ta hagu, ya ɗan jima.

"Baba, sau nawa ke nan tana yin haka?"

"Wannan ne na uku, likita."

"To, zo ka ji. Dabbar da ruwan jikinta ya ƙare, zuciyarta gudu take yi. Wannan kuwa tafiyar hawainiya take."

Kusa da kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙululu, a jikin kare bai wuce gyaɗa da ɓawonta ba. Sunansa adirinal. Ƙarami ne, amma aikinsa babba. Yana fitar da sinadarin kotisol, wanda ke ba jiki ƙarfin jure wahala, kamar tsoro, doguwar tafiya, rauni ko haihuwa. Yana kuma fitar da aldositeron, mai riƙe gishiri da ruwa a jiki, mai fitar da rarar wani sinadarin jini mai suna fotashiyam ta fitsari. Idan ƙululun ya gaza, gishiri da ruwa su tsiyaye, jini ya yi ƙasa, fotashiyam ya taru ya danne zuciya. Abin da likita ya ji a tafin hannunsa ke nan.

Ana kiran ciwon da sunan Thomas Addison, likitan Ingila da ya bayyana shi a jikin mutane a 1855. Galibi garkuwar jikin karen ce take juyowa ta cinye ƙululun. Ya fi kama karya matashiya ko mai matsakaicin shekaru, kuma wasu jinsunan waje, irin su Rotwaila, sun fi saurin kamuwa. Ba ya yaɗuwa, don haka ba sai an kori kare daga gida ba. A kyanwa ba kasafai ake ganinsa ba.

Akwai hanya ta biyu, kuma ita ce ta fi damuna, domin da hannunmu muke jawo ta. Kare na susa, sai a je kyamis a sayo dekisa ko firedinisolon, a yi ta ba shi har wata biyu. Waɗannan magunguna aikin kotisol suke yi. Ƙululun ya ga an ɗauke masa aiki, sai ya kwanta barci. Ranar da ƙwaya ta ƙare aka daina rana tsaka, jiki ba shi da na waje, ba shi da na gida. Doki ma yana shiga wannan hali, mutum ma haka. Irin wannan magani a hankali ake janye shi, bisa umarnin likita.

Ido ba ya gane ciwon nan, sai gwajin jini. Ana auna gishiri da fotashiyam, sannan a yi wata allura mai zaburar da ƙululun, a sake ɗibar jini bayan awa ɗaya a ga ko ya amsa. Wata tsutsar hanji ma takan kawo alamu iri ɗaya, shi ya sa ake duba kashi. Mu a Filato ba mu da uzuri, ga likitocin dabbobi a Jos da Bukuru, ga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa a Vom tun 1924.

Karen da ya faɗi, ƙarin ruwa yake bukata nan take, ɗura masa madara ko manja ɓata lokaci ne. Idan ya farfaɗo, kuma aka ga ƙululun ya lalace, magani ya zama na har abada: ko ƙwaya kullum, ko allura kusan duk kwana 25 haɗe da 'yar ƙwaya. Akwai kashe kuɗi, amma karen da ake ba maganinsa yakan yi gadinsa shekara da shekaru. In za a yi tafiya ko biki mai hayaniya, a gaya wa likita tun da wuri, yakan ƙara magani na 'yan kwanaki.

Aikin gida: ka ja layi uku a littafinka, ka rubuta rana, abin da dabba ta ci, da abin da ka gani. Ka cika su na mako guda game da wata dabba ta gidanku, ka zo da shi aji. Sannan ka amsa: me ya sa zuciyar karyar maigadi ta rage gudu?