Babi na Shida: Daidaita Mai da Iska a Kafireton Babur Idan Yanayi Ya Canja

Wannan babi na masu baburan shiga daji ne, irin Yamaha DT125 da DT175 da AG100, waɗanda malaman gona da ma'aikatan lafiya suke ratsa burtali da yashi da su zuwa ƙauyuka. Injinsu shi ake kira mai bugu biyu, wato wanda yake ƙona baƙin mai na 2T tare da fetur, shi ya sa kuke ganin hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana fita daga salansa. Ku karanta a hankali, kuma idan da hali ku ajiye babur a gabanku, ku riƙa taɓa duk abin da aka ambata da hannunku.

Darasi na 1: Abin da sanyi da zafi suke yi wa inji

Inji yana cin abu biyu, fetur da iska, kuma kafireto ne yake gauraya su kamar yadda ake dama fura da nono. Iskar sanyi ta fi ta zafi nauyi. Da asubar hunturu, a Disamba ko Janairu, kowane numfashi da inji ya ja yana ɗauke da iska mai yawa, alhali man da kafireto yake bayarwa bai ƙaru ba, sai man ya yi ƙaranci. Da ranar bazara kuwa, lokacin da zafin Afrilu yake wuce digiri 40 a Kano ko Sakkwato, iska takan yi shara-shara, sai man ya yi yawa. Haka ma idan kun hau tsaunin Jos, wanda ya kai kimanin mita 1,200 sama da teku, iskar can ba ta da nauyi, kuma mai yakan yi wa inji yawa.

Yawan mai ɓarna ce kawai: babur ya riƙa sassarfa, fulogi ya yi baƙi, baƙin mai ya riƙa ɗiga daga bakin salansa. Ƙarancin mai shi ne abin tsoro, domin inji yakan ɗauki zafi fiye da kima, har fistin ya kumbura ya kafe a cikin silinda, abin da bakanike yake cewa inji ya buga. Alamarsa ita ce idan kun murɗa totur da sauri inji ya yi kamar an shaƙe shi, ko kuma idan kun saki totur ƙararsa ta daɗe ba ta sauka ba.

Darasi na 2: Sukurun iska

Kafin ku taɓa kafireto, ku buɗe matatar iska ku wanke sosonta, ku bar shi ya bushe, ku shafa masa mai kaɗan. Ƙurar hunturu takan toshe shi, kuma idan ya toshe duk aikin da za ku yi a banza ne. Sannan ku hau babur ku zaga na minti 10 domin inji ya yi zafi, ku tabbata an mayar da cok, wato abin da ake ja domin ƙara mai idan za a tayar da inji da sanyi.

A jikin kafireto akwai sukuru biyu da ake iya gani daga waje. Babban, mai sifirin a wuyansa, na silo ne, aikinsa ɗaga ƙarar inji ko sauke ta idan babur yana tsaye. Ƙaramin na tagulla, wanda ya nutse cikin rami ta ɓangaren matatar iska, shi ne sukurun iska, kuma da shi za mu yi aiki. Ku ɗora yatsa a kansa yanzu, ku faɗi sunansa da bakinku.

Ga inda kusan kowane ɗalibi yake tuntuɓe. Wannan sukuru ƙofar iska ce. Idan kun murɗa shi dama, yadda hannun agogo yake tafiya, yana shiga ciki, yana rufe ƙofar iska, sai mai ya rinjaya. Idan kun murɗa shi hagu, yana fitowa waje, yana buɗe ƙofar, sai iska ta rinjaya. Ku sake karantawa: dama, ciki, mai ya ƙaru, hagu, waje, iska ta ƙaru. Saboda haka lokacin sanyi, da mai yake ƙaranci, dama za ku murɗa. Lokacin zafi, da mai yake yawa, hagu za ku murɗa. Kada wanda ya rikice ya ji kunya, domin a kafireton baburan bugu huɗu da yawa sukurun yana ɓangaren inji kuma mai yake buɗewa, sai hannun wanda ya saba da su ya riƙa yin akasin abin da ake so.

Da farko ku san inda sukurun yake. Ku kashe inji, ku sa sukundireba, ku murɗa dama a hankali kuna ƙirgawa har ya tsaya da kansa. Ku dubi tsagar da ke kan sukurun: duk lokacin da ta kwanta yadda take da farko, rabin zagaye ke nan, biyu irin wannan su ne zagaye guda. Da zarar ya tsaya ku ɗauke hannu, kada ku ɗaure shi, domin bakinsa siriri ne kamar tsinin fensir, kuma idan ya lanƙwashe ba zai sake daidaituwa ba. Ku rubuta adadin da kuka ƙirga a bayan wannan littafi. Galibi za ku samu wajen zagaye 1 da rabi. Sai ku mayar da shi inda yake.

Yanzu ku tayar da inji, ku ɗan ɗaga silo domin kada ya mutu. Ku murɗa sukurun iska kwata na zagaye kawai, wato tsagar da take kwance ta tashi tsaye. Ku dakata, ku ƙirga goma, ku saurara. Idan ƙara ta ɗagu ta yi santsi, ku ƙara kwata ta wannan ɓangare. Idan ta sauka, ku koma baya. Inda ƙara ta fi ƙarfi da tsabta, nan za ku tsaya, sannan ku sauke silo yadda yake. Sanyi dama, zafi hagu, kwata-kwata, da ƙirga goma a tsakani.

Na ga ɗalibi a aji wanda na gama wannan bayani a gabansa, ya karɓi sukundireba ya yi wa sukurun zagaye uku a tashi ɗaya, bai ƙirga ba, bai rubuta ba, sannan ya ɗago kai yana tambayata inda yake da farko. Wannan ba rashin ilimi ba ne, gaggawa ce, kuma ba zan ɓoye muku ba, tana ɓata mini rai. Kun bar kasuwa da gona kun zo koyon rubutu, to ku yi amfani da shi. Alƙalami yana aljihunku, rubuta lamba ɗaya ba zai ci muku minti guda ba. Wanda bai rubuta inda ya faro ba, kada ya taɓa sukurun.

Idan sai da sukurun ya fito fiye da zagaye 2 da rabi kafin inji ya yi daɗi, ƙaramin jet na ciki, wato ɗan bututun tagulla da mai yake bi ta cikinsa a kafireto, ya yi girma. Idan kuwa bai kai zagaye 1 ba, jet ɗin ya yi ƙanƙanta ko datti ya toshe shi.

Darasi na 3: Allura

Sukurun iska yana aiki ne daga silo zuwa kwata na totur. Daga nan zuwa kashi uku cikin huɗu, allura, wato siririn ƙarfen da ke ɗagawa a cikin kafireto idan kun murɗa totur, ita ce take iko da mai. A kanta akwai tsagogi, galibi biyar, da ɗan ƙarfe da ke maƙale a ɗaya. Idan kun sauke ƙarfen ƙasa da tsaga ɗaya, allura ta ɗagu, mai ya ƙaru, wannan na sanyi ne. Ku shimfiɗa farin ƙyalle kafin ku cire ƙarfen, domin idan ya yi tsalle cikin yashi ba za ku gan shi ba.

Darasi na 4: Babban jet da fulogi

Babban jet yana aiki idan an buɗe totur gaba ɗaya, kuma lambarsa tana rubuce a jikinsa. Babbar lamba tana ba da mai da yawa. Bayan tafiya mai nisa ku kwance fulogi ku duba bakinsa: launin ƙasa-ƙasa daidai ne, baƙi mai jiƙe yawan mai ne, fari fat kuwa ƙarancin mai ne, kuma kada ku ci gaba da gudu da shi. Canja wannan jet ku bar wa bakanike, ku tafi masa da fulogin da kuma adadin zagayen sukurun iska da kuka rubuta a bayan littafi.