Idan sabar Maradi ta daina karɓar bayanai daga ta Yamai

Sabar Yamai ce babba, ta Maradi kuwa kwafar bayananta take yi. Da farko, shiga MySQL, manhajar rumbun bayanai, a sabar da ke kwafa, wato ta nan Maradi, ka buga SHOW REPLICA STATUS. Layi biyu za ka duba: Replica_IO_Running da Replica_SQL_Running. Dukansu Yes ake so.

In na farkon ne ya tsaya, galibi hanya ce ta toshe. Gwada intanet tsakanin garuruwan biyu, ka tabbata ƙofa 3306, wadda MySQL ke amfani da ita, a buɗe take, kuma kalmar sirri ba ta canza ba. Kowace saba ta riƙe server_id, wato lambar shaidarta, daban. In lambar ta zama ɗaya, kwafi ba zai tafi ba.

In na biyun ne, karanta Last_SQL_Error a natse. Kuskure 1062 yana nufin layin bayanan da ake son kwafowa yana nan tuni, galibi wani ne ya rubuta kai tsaye cikin mai kwafa. Don Allah kada ka yi saurin tsallake shi, rumbunan biyu za su bambanta ba ka sani ba. Kwatanta layin tukuna, gyara, kunna read_only don hana rubutu kai tsaye, sannan ka buga START REPLICA.

Kuskure 1236 kuwa, wanda kan biyo bayan doguwar ɗaukewar wuta, sau da yawa babbar saba ce ta riga ta goge binlog ɗin da ake nema, wato kundin canje-canjen da mai kwafa ke karantawa. Nan sai ka ɗauko sabon kwafi da mysqldump, manhajar fitar da kwafin rumbu, ka loda, ka sake haɗawa.