Yadda Ake Gano Asalin Zanen da Ka Gani a Bango Cikin Shirin Talabijin

Kana cikin kallon shiri, sai idonka ya bar 'yan wasa ya maƙale a wani zane da ke rataye a falo. Wa ya zana shi? Ga yadda za ka bi sawu.

Da farko tsayar da bidiyon a inda zanen ya fito sosai, ka ɗauki hotonsa. Yanke kawunan mutane da kujeru, ka bar zanen kaɗai, sannan ka saka shi a manhajar binciken hoto irin Google Lens ko TinEye. In sanannen aiki ne, nan take sunan zai fito. Ta haka za ka gane cewa babban hoton da ke falon Monica a shirin Friends tallar kayan wasan yara ce ta wani kanti a Faris, wadda Jules Chéret ya zana a 1885.

In hakan bai yi ba, kada ka kashe kallo da wuri. Jira sunayen ma'aikata a ƙarshe, ka nemo mai ƙawata wurin ɗaukar shiri, domin shi ke zaɓo kayan bango. Nemi shafinsa ka tambaye shi cikin ladabi, ka faɗi zango da kashi na nawa ne.

Wannan matakin na fi amincewa da shi, don a Amurka ba a rataya zanen mutum haka siddan. A 1997 mai zane Faith Ringgold ta yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara kan tashar BET, saboda hoton aikinta da ya bayyana ƙasa da daƙiƙa 27 a shirin Roc ba da izininta ba. Shi ya sa a Los Angeles akwai shagunan hayar zane irin su Art Pic, masu riƙe da izinin mai zane a rubuce. Inda takarda take, suna na nan. Wani zanen kuwa ma'aikatan shirin ne suka yi abinsu, ba za ka same shi a kasuwa ba.

In ka samu sunan, bincika sauran ayyukansa. Zanukan da ake nunawa a matsayin na J.J., ɗaya daga cikin taurarin labarin, a shirin Good Times na shekarun 1970, Ernie Barnes ne ya yi su, tsohon ɗan wasan ƙwallon American football. A 2022 an yi gwanjon zanensa The Sugar Shack a Christie's kan sama da dala miliyan 15.